Wa ke biyan kuɗin lasifikar? Karanta Brian Larkin daga Gwiwa

A shekarar 1944 aka fara kakkafa lasifika a wuraren taruwar jama'a a Kano, irin su bakin majalisar Sarki da gidan waya da laburare. Waya ce ke jawo magana daga tasha guda zuwa kowace lasifika, da kuma akwatunan da masu hali suka yi haya a gidajensu. Akwatin ba shi da wurin murɗa tasha. Ko ka ji abin da aka aiko maka, ko ka kashe. Wannan labari yana cikin babin rediyo na Signal and Noise, littafin da Brian Larkin ya fitar a 2008 daga binciken digirinsa na uku, wanda ya yi a Kano cikin shekarun 1990 ya kuma kammala a Jami'ar New York.

Abin da ya sa muka sake ɗauko littafin shi ne shirun da Sashen Hausa na Muryar Amurka ya yi a watan Maris na 2025, bayan wani umarni da Shugaba Donald Trump ya sa wa hannu. Tun 1979 ake jin sashen nan. Masu sauraro ba su gudu ba, mai biya ne ya ce ya daina. A 'yan shekarun nan masana suna ta rubutu kan yadda za a tallafa wa aikin jarida da kuɗin jama'a, har an kafa asusun duniya na musamman domin haka mai hedikwata a Paris. Yawancinsu daga Turai suke fara lissafi: fam 174.50 da gida mai talabijin ya biya a shekara a Ingila a ƙarin da aka yi a Afrilun 2025, wanda shi ke riƙe da BBC, ko yuro 18.36 da ake biya duk wata a Jamus. Mu kuwa lissafinmu daga wani wuri ya faro, kuma ba mu karanta wanda ya zana wannan mafarin kamar Larkin ba.

Ƙarfin littafin yana cikin yadda ya ƙi raba rediyo da famfo da wutar lantarki. Ya fara ne da bikin buɗe aikin ruwa da wuta na Kano a 1931, aikin da aka yi da kuɗin baitulmalin En'e, wato harajin talakawa. Hujjarsa ita ce Turawan mulkin mallaka ba amfanin na'ura kaɗai suke so a gani ba, so suke a cika da mamaki, a san cewa mai wannan abin ya fi ƙarfin a ja da shi. Haka majigi, motar nan da ke zagaya ƙauyuka tana haska fina-finan tsafta da noma, daga baya kuma tana nuna rangadin Sardauna. Dattawanmu a ƙasar Kazaure har yau suna ba da labarinta. Kyauta ake kallo, amma kowa ya san motar ta hukuma ce, kuma abin da hukuma ke so ka gani shi za ka gani. Wanda ya karanta waɗannan babuka zai gane cewa a ƙasar Hausa ba sabon abu ba ne a kashe kuɗin jama'a kan kafar labarai. Da kuɗin jama'a aka haife ta, sai dai an raɗa mata sunan mai mulki tun ranar suna.

Inda muka rabu da Larkin shi ne kan abin da ya kira hayaniya, wato ƙarar da ke shiga cikin sigina, da ɗaukewar wuta, da hoton kaset ɗin da aka kwafa sau goma har launinsa ya dusashe. Babinsa kan kasuwar Ƙofar Wambai, inda hanyoyin rarraba kaset ɗin sata suka zama hanyoyin da fim ɗin Hausa ya bi ya kai ko'ina, yana da daɗin karatu ƙwarai. Amma ya fi kallon lalacewar na'ura a matsayin wani yanayi da ke gina ɗabi'ar ɗan birni. Mu da muke rubuta manhaja muna kallonta daban. Duk shafin da ya faɗi, in ka bi sawu za ka tarar da kuɗin hayar da ba a biya ba, ko gyaran da aka ɗage sau uku don ba wanda aka ɗora wa nauyinsa. Na'urar watsa shirye-shirye ma haka take. In tasha ta ɗauke da la'asar, akwai takardar neman man janareto da ke kwance a teburin wani. Larkin ya ambaci janyewar gwamnati bayan faɗuwar farashin man fetur, amma bai zauna a kan littafin kuɗi ba, kuma nan ne labarin yake.

Da ya zauna, ga irin abin da zai gani. Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fito a Zariya a Janairun 1939 da kuɗin hukuma, Abubakar Imam yana edita. Daga baya ta koma ƙarƙashin kamfanin New Nigerian, wanda gwamnatin tarayya ta karɓe a 1975, ta kuma miƙa wa jihohin Arewa 19 a 2006. Jaridar da ke da iyaye 19 ta ƙare marainiya, ma'aikatanta suna bin bashin albashi har ta daina fitowa. A ɓangaren rediyo da talabijin kuwa, dokar soja ta 1988 ta sa NTA da Rediyon Tarayya cikin hukumomin da za su riƙa nema wa kansu wani ɓangare na kuɗin shiga. Sakamakon shi ne labarin da ake biya kafin a karanta. Mai bikin naɗin sarauta yana da kuɗin ɗaukar 'yan jarida, ƙauyen da rijiyar burtsatsensa ta lalace ba shi da su. A Agustan 2022 hukumar NBC ta sanar da soke lasisin gidaje 52 saboda bashin da ya kai naira biliyan 2.6, kuma da dama daga cikinsu na gwamnatocin jihohi ne. Wata biyu bayan haka gwamnatin Zamfara ta ba da umarnin rufe wasu gidajen, har da NTA Gusau, don sun ɗauki taron jam'iyyar adawa. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, an sani. Abin da ya fi ciwo shi ne ladan ba ya isa, askin kuma ba a ɗaga ƙafa.

Gazawa ta biyu ba laifin marubucin ba ce sosai, don tun a sunan littafin ya faɗa cewa birni yake nazari. Duk da haka mai karatu a Gwiwa zai ji an bar shi a waje. Mu muna ƙuryar arewa maso yammacin Jigawa, Daura ta fi mana kusa da Dutse, kuma mai zuwa babban birnin jiharmu sai ya ratsa ta ƙasar Kano. Kunnenmu ma haka yake. Tun da Freedom Radio ta buɗe a Kano a 2003 aka shiga zamanin tashoshi masu zaman kansu, mun san rigimar siyasar Kano filla-filla, mun san abin da aka ce a Landan da Bon. Abin da ke wuyar ji shi ne nawa aka ware wa asibitin shan-ka-tafi na mazaɓarmu, da ranar da taki zai iso, da wanda aka ba kwangilar hanyar da damina ta cinye. Tasha mai neman talla ba za ta aje wakili a nan ba, don babu mai talla. Wannan shi ne ainihin wurin da hujjar tallafin jama'a ta fi ƙarfi, kuma shi ne wurin da littafin bai taka ba.

Akwai wani abin ban dariya a doka da duk mai shirin rubuta digiri kan wannan batu ya kamata ya fara da shi. Jadawali na huɗu na Tsarin Mulkin 1999 ya sa karɓar kuɗin lasisin rediyo da talabijin cikin ayyukan ƙananan hukumomi. Wato a takarda, sakatariyar Gwiwa ce ke da hurumin karɓar irin kuɗin da ya gina BBC. Dokar NBC kuma ta ce hukumar ce za ta karɓa ta riƙe amana ta raba wa gidajen watsa labarai. Tsarin Mulki ya fi ƙarfi, amma bai ce ƙaramar hukuma ta miƙa wa wata tasha ko kwabo ba. Mai karɓa ba ya watsa shiri, mai watsa shiri ba ya karɓa. In manhaja ce, da mun ce an haɗa bututun shiga an manta da na fita. Yau kuma rabin rediyon da ake ji a wayar salula yake, to wa zai bi aljihu yana ƙirga akwati?

Shi ya sa ba mu ga amfanin kwafo tsarin Ingila ba. Misalin da ya fi kusa yana gida. Duk wanda ya shiga wata jami'a ko kwalejin gwamnati ya ga gine-gine masu ɗauke da sunan TETFund. Kuɗin daga harajin ribar kamfanoni yake fitowa bisa kason da doka ta yanke, ba sai shugaban makaranta ya je ya durƙusa wa gwamna duk wata ba. Asusun yana da nasa matsalolin, amma hanyar da kuɗin ke bi ita ce abin lura. Haka dokar sadarwa ta 2003 ta kafa asusun USPF don kai layin waya karkara. Ƙasar nan ta yarda a kashe kuɗin jama'a a dasa turken sadarwa inda kamfani ba zai ci riba ba. Ba ta kai ga yarda a biya wanda zai je zaman kansiloli ya kawo rahoton da zai bi ta wannan turken ba.

Muna ba da shawarar a karanta Signal and Noise, musamman babin rediyo da na majigi, ko da Turancinsa na jami'a yana da nauyi a wasu wuraren, kuma abin takaici ne a ce mutanen da aka rubuta a kansu sai da ƙamus za su shiga. Amma binciken da muke jira na ɗalibin Bayero ne ko na Jami'ar Tarayya ta Dutse, wanda zai ɗauki kasafin kuɗin Jigawa na shekara goma ya ware abin da aka rubuta wa gidan rediyon jiha da abin da aka sakar masa a zahiri, wata bayan wata, ya jera shi kusa da jadawalin zaɓe. Daga nan ya zo sashen haraji na Gwiwa da Roni da Kazaure da Ɓaɓura ya nemi a buɗe masa shafin lasisin rediyo.