Ido na Biyu a Dandalin Kiɗa: Sharhi kan Ɗaukar Makaɗan Baka a Bidiyo

Tun daga 1996 da Lafiya ta zama hedikwatar Jihar Nasarawa, bukukuwan naɗin sarauta da na aure da tarurrukan gwamnati suka yawaita a garin, kuma da wuya a yi wani babba ba tare da makaɗi da mai ɗaukar bidiyo ba. A da kyamara guda ake girkewa a gaban mawaƙi. Da kayan aiki suka yi araha, sai aka shiga ƙara ta biyu ana hawa dandamali da ita. Abin da za mu duba a wannan ɗan sharhi shi ne inda ake auna wannan ido na biyu.

Waƙar makaɗan ƙungiya aikin gayya ce. Manazarta, irin su Sa'idu Muhammad Gusau a littafinsa Jagoran Nazarin Waƙar Baka (1993), sun nuna yadda take tafiya tsakanin jagora da 'yan amshi, daga ɗa a koma gindi. A waƙoƙin Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, jagora yakan fara ɗa ya sake shi a tsakiya, yaransa su cafe su ƙarasa, wani lokaci har da ƙari. To, idan kyamara ta kafe a fuskar jagora, abin da mai kallo zai gani shi ne mutum ya rufe baki alhali waƙa tana gudana. Wanda ya ƙarasa maganar, da kallon da aka yi masa kafin ya karɓa, duk sun salwanta. Haka nan a ƙungiyar Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999: amshinsa gajere ne, amma kalangu yana magana, kuma maganar tana fitowa ne daga yadda makaɗi ke matsa tsarkiya a hammata yana sassautawa. Wannan aikin hannu da waccan karɓa su ne haƙƙin kyamara ta biyu.

Abin takaici, a yawancin bidiyon biki ba nan ake kai ta ba. Masu liƙi take bi, daga hannu zuwa aljihu, daga aljihu zuwa goshin mawaƙi, domin mai biki ne ya biya, kuma baƙinsa yake son gani. Ba mu ce a kawar da su ba. Martin Scorsese, a fim ɗinsa The Last Waltz (1978), ya tara kyamarori a kan makaɗa, da ƙyar ake hango 'yan kallo, amma wannan tsari ba zai zauna wa waƙarmu daidai ba, tun da mawaƙin Hausa yakan ambaci mai kyauta a cikin ɗan waƙa, har sanƙira ya yayata. A nuna shi sa'ad da aka kira sunansa, sannan a koma bakin aiki.

Sai kuma batun haɗawa. Mai tace hoto da bai san gaɓoɓin waƙa ba yakan sauya kyamara a tsakiyar layi, ya raba kalma da bakin da ya furta ta. Wurin sauyawa shi ne inda jagora ya sauke, 'yan amshi suka ɗauka, kuma sauti ya fito daga na'ura guda ba yankewa. Shi ma mai riƙe da kyamarar ya tsaya daga gefe, domin muddin ya gifta tsakanin jagora da yaransa, ya tare musu idon da suke karɓar umarni da shi.

Makaɗin da ke kiɗa shi kaɗai, kamar Ɗanmaraya Jos (ya rasu a 2015), lamarinsa da sauƙi: kyamara ɗaya a fuska, ɗaya a yatsun da ke kan kuntigi. Wuyar tana ƙofar fadar Sarkin Lafiya ranar hawan salla, inda masu kakaki da masu algaita da masu ganga ke aiki lokaci guda a cikin ƙura da dawaki, kuma dole mai ɗauka ya san tun da wuri wane ne ke busa taken wa.