Jirgin da Ke Ja Hagu

Matuƙan da suka tuƙa Lancaster a Yaƙin Duniya na Biyu sun san wani hali nasa tun kafin tayoyinsa su bar ƙasa. Da zarar an ba shi wuta a kan titin tashi, sai ya nemi ja hagu. Farfelolinsa huɗu duk gefe ɗaya suke juyawa, shi ya sa ake koya wa matuƙi ya riƙa tura totur na injinan hagu gaba kaɗan, har iska ta yi ƙarfin da jela za ta iya miƙar da shi. Wannan ja hagun nake fara dubawa duk lokacin da na ga an ƙera Lancaster a cikin wasan kwaikwayon tuƙin jirgi na kwamfuta. Idan jirgin ya miƙe sambal kamar mota a kan sabuwar kwalta, to hoto kawai aka zana. Idan kuwa ya yi gardama, ya sa matuƙi ya kama shi da hannu da ƙafa, to mai ƙirar ya san aikinsa.

Masu wannan sana'a suna burge ni ƙwarai. Yawancinsu ba a biyansu ko sisi. Mutum zai dawo daga aiki ya zauna gaban kwamfuta har dare ya raba, wata da watanni, yana gwada tsawon fiffiken jirgin da aka daina ƙerawa tun kafin a haifi mahaifinsa.

Kamfanin Avro na Ingila ne ya ƙera Lancaster, Roy Chadwick ne ya jagoranci zanensa. Asalinsa gyara ne aka yi wa wani jirgi mai suna Manchester, wanda injinansa biyu na Rolls-Royce Vulture suka yi ta ba da matsala. Sai aka ƙara tsawon fiffike, aka ɗora injinan Merlin guda huɗu, ya fara tashi a ranar 9 ga Janairu, 1941. An ƙera guda 7,377, amma yau biyu kacal ke iya tashi: ɗaya a sansanin Coningsby na Ingila, ɗaya a gidan tarihin jiragen yaƙi na Hamilton a Kanada. Wanda ke son sanin yadda tuƙa shi yake, kusan ba shi da hanya sai ta kwamfuta.

A manhajar X-Plane, wadda Austin Meyer ya ƙirƙira, aikin ya fi ban sha'awa saboda yadda take lissafi. Ba a gaya mata cewa jirgi kaza yana gudun kaza. Siffarsa ake ba ta, ita kuma ta yanka fiffike da farfela gunduwa-gunduwa, ta lissafa yadda iska ke bugun kowace gunduwa sau da yawa a cikin daƙiƙa ɗaya, ta tara sakamakon, shi ne motsin jirgin. Wato idan mai ƙira ya yi kuskure a siffa, iska ce za ta tona masa asiri. Akwai wata manhaja da ke zuwa tare da ita, Plane Maker, a nan ake shigar da awo: faɗin fukafukai daga baki zuwa baki mita 31, tsawon jiki wajen mita 21, ƙarfin kowane inji kusan doki 1,280 a samfurin farko. Fiffiken Lancaster ba miƙaƙƙe ba ne gaba ɗaya. Sashen da ke kusa da jiki a kwance yake, daga wajen injinan ciki ne yake ɗagawa sama kaɗan, kuma yana da kauri a gindi ya sirance a baki. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da tasiri a kan yadda jirgi ke kwanciya a kwana da yadda yake komawa daidai.

Sai batun nauyi, inda ake gane mai haƙuri. Lancaster babu kaya yana da nauyin kusan tan 17, idan an cika shi da mai da bama-bamai yana kaiwa wajen tan 30. Tankunan mai shida ne a cikin fukafukai, rumbun bama-bamai kuma a ƙarƙashin ciki, tsawonsa mita 10 ba tare da shamaki ba. Wannan dogon rumbu ne ya sa daga baya, bayan an yi wa wasu jiragen gyara, suka iya ɗaukar bam ɗin Grand Slam mai nauyin kusan tan 10 a shekarar 1945. Dole mai ƙira ya ajiye kowane nauyi a gurbinsa. In cibiyar nauyi ta matsa baya kaɗan, hanci zai riƙa ɗagawa da kansa. In ta matsa gaba, jela za ta ƙi sauka a lokacin dira. Kuma nauyin ba ya tsayawa wuri ɗaya, domin mai yana ƙonewa, bama-bamai suna fita. Jirgin da ya tashi da ƙyar da magariba, kafin asuba ya zama sakayau. Gwani yakan tashi da shi sau ɗari, ya kwatanta gudunsa da na ainihi, wanda ƙololuwarsa ta kai wajen kilomita 450 a awa, ya koma ya gyara lamba ɗaya, ya sake tashi.

Fatar waje, wadda ita ce mai kallo ke fara gani, a wata manhaja irin Blender ake sassaƙa ta: jela mai kunnuwa biyu, ƙwallon gilashi a hanci, baƙin fenti a ƙasa saboda tafiyar dare, kore da ruwan ƙasa a sama. Aiki ne mai kyau, amma kama da wane ba ta wane.

Ɗakin matuƙi shi ne wurin da nake daɗewa. Lancaster matuƙi ɗaya gare shi, yana zaune a hagu, injiniya kuma a kan wata kujera mai naɗewa a damansa, yana lura da ma'aunan injina huɗu da mai. Kowace allura a kan allon sai an haɗa ta da lissafin da ke gudana a ciki, ta yadda zafin inji na uku zai hau idan an matsa masa, ba don an zana shi yana hawa ba. Birkin ma ba irin na mota ba ne. Da iska yake aiki, ana matsa wani hannu a jikin sitiyari, sannan takun ƙafa ne ke raba ƙarfin tsakanin tayar hagu da ta dama. Wanda ya saba da jiragen zamani sai ya sake koyon tafiya a ƙasa. Mai ƙirar da ya bar wannan wahala yadda take, bai sauƙaƙa ta don a yabe shi ba, ya girmama jirgin, ya kuma girmama wanda zai tuƙa shi.

Ba na mantawa da abin da aka ƙera wannan jirgi domin sa, kuma ba na jin masu ƙirar kirki suna mantawa. Lancaster na cikin jiragen da suka ƙona Hamburg a 1943 da Dresden a 1945, inda dubban fararen hula suka halaka. Rundunar jiragen bama-bamai ta Birtaniya ita ma ta rasa mutum 55,573, galibinsu samari da ba su daɗe da haura shekara ashirin ba. Shi ne kuma jirgin da ya jefa wa mutanen Holan abinci a ƙarshen Afrilu da farkon Mayun 1945, lokacin da yunwa ke kashe su. Wanda ya gina cikinsa daki-daki yakan ci karo da wannan tarihi ko bai nema ba. Zai zana babban ƙarfen fiffike da ya ratsa tsakiyar jiki, wanda sai an haura shi da ƙyar, ya auna ƙanƙantar ƙofar tsira da ke ƙarƙashin hanci, sai ya gane da hannunsa dalilin da ya sa kaɗan ne daga cikin ma'aikatan jirgin su bakwai ke fita da rai idan jirgin ya kama wuta cikin duhu.

Jarrabawar da masu ƙira da yawa ke so ita ce ta madatsar ruwa. A daren 16 ga Mayu, 1943, jirage 19 na runduna ta 617 ƙarƙashin Guy Gibson suka tashi da bam mai tsalle a kan ruwa na Barnes Wallis, suka fasa madatsun Möhne da Eder a Jamus. Takwas ba su dawo ba, ma'aikatansu 53 suka mutu, ambaliyar kuma ta ci fiye da mutum dubu, da yawansu fursunoni ne da ake sa wa aikin dole. Sai da matuƙan suka sauko ƙafa 60 kacal a saman ruwa, da dare, suna gane tsayin ta hasken fitilu biyu da ke haɗuwa a kan ruwan. A tafkin Derwent na Ingila suka yi atisaye, kuma kwarin yana nan a taswirar wasan. Ƙafa 60 bai kai faɗin fukafukan jirgin ba. Ka kwantar da shi a kwana fiye da kima, ya zame ƙasa kaɗan, bakin fiffike ya taɓa ruwa.

Akwai kuma wata jarrabawa da ta fi wannan shiru. A jirgin ainihi, injin waje na hagu ne ke tura famfon da ke juya kejin bindigar jela. Na taɓa ganin ƙirar da aka bi wannan dalla-dalla. Aka kashe injin a sama, farfelarsa ta tsaya, jirgin ya fisga hagu, matuƙi ya danne ƙafar dama. Can baya kuma, a wurin da babu mai kallo sai wanda ya juya kyamara da gangan, kejin ya daina motsi.