Balagar 'Yan Takarar Shugabancin Nijeriya a Zaɓen 1979

Mutum biyar ne suka nemi shugabancin Nijeriya a zaɓen 11 ga Agusta, 1979, kuma kowannensu ya yi amfani da harshe wajen sassaƙa wa kansa siffar shugaban da yake so jama'a su gani.

Cif Obafemi Awolowo na UPN ya gina jawabansa a kan alkawura huɗu: ilmi kyauta, magani kyauta, raya karkara, da aikin yi ga kowa. Ya fito ne a matsayin gwanin da ya riga ya gama lissafi. Malam Aminu Kano na PRP salon wa'azi ya bi, inda ya kasa al'umma gida biyu, wato talakawa da masu danne su, ya kuma riƙe mabuɗi alamar buɗe musu ƙofa. Dokta Nnamdi Azikiwe na NPP ya jingina da tarihinsa na gwagwarmayar neman mulkin kai. Alhaji Waziri Ibrahim na GNPP ya ɗauki taken "siyasa ba da gaba ba". Shi kuwa Alhaji Shehu Shagari na NPN, rigar tawali'u ya sanya, ta wanda kujerar Majalisar Dattawa kawai ya so aka ce ya fito, ga kuma taken jam'iyyarsa na ƙasa ɗaya, makoma ɗaya.

Abin lura shi ne, Tsarin Mulkin 1979 ya shardanta wa ɗan takara samun rubu'in ƙuri'u a kashi biyu cikin uku na jihohi 19. Wannan sharaɗi ya fifita lafazin da bai ɓata wa kowa rai ba. Kaifin harshen Malam Aminu ya ba shi Jihar Kano kaɗai, Awolowo ya tsaya a jihohi 5, Shagari kuwa ya sami rubu'in a jihohi 12, ya lashe zaɓen bayan shari'ar da ta kai Kotun Ƙoli.

Sai dai nasara a akwati ba ita ce ma'aunin ingancin zance ba. Alkawarin ilmi kyauta abu ne da uba zai iya aunawa ranar da ya kai ɗansa makaranta, kuma an auna shi a jihohin da UPN ta mulka. Haɗin kai da tawali'u kuwa kalmomi ne masu daɗin ji waɗanda ba su ɗaure mai faɗinsu da komai ba. Saboda haka ya kamata mai sauraron ɗan takara ya tambayi kansa: wace magana ce a cikin jawabin za a iya kama shi da ita bayan shekara huɗu?