Suna linzami: duba ga bangon ƴan littattafanmu

Ƴan uwa ɗalibai, ƴan littattafan fotokofi sun yawaita a hannunmu, daga Yamai har Damagaram, kuma abin murna ne. Sai dai kowa na yabon abin da ke ciki, ba mai tanka wa abin da ke waje. Ni kuwa a kan wajen zan yi magana: sunan da ake raɗa musu, da yadda ake tsara bango da shafi. Mai karatu da suna yake fara gaisawa, kafin ya san ko alƙalaminka na da kaifi.

Mu fara da misalin da ya yi kyau. A 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, Abubakar Imam na editanta. Ku dubi sunan da kyau, jimla ce cikakkiya mai aikatau. Ta faɗi kuɗin jaridar, ta faɗi abin da za ka samu in ka biya, ta kuma yi alkawarin cewa ba ka yi asara ba, duka cikin kalmomi huɗu. Yaron da ke tallarta ba ya buƙatar wani kirari, sunan ya isa. Haka Magana Jari Ce, haka Wa Zai Auri Jahila? na Balaraba Ramat Yakubu: ɗaya zance ne da za ka iya yarda ko ka musa, ɗayan tambaya ce da ke bin ka har gida.

To, mu fa? Yawancin abin da nake gani kalma guda ce tilo, irin su haske, ci gaba, mafita, sai a rataya mata dogon bayani da Faransanci a ƙasa. Kalmomin ba su da laifi, gajiya suka yi. In ka cire sunan daga bangon wannan ka liƙa a na wancan, ba wanda zai lura. Sunan da ya dace da kowane littafi bai bayyana ko ɗaya ba.

Wannan ɗabi'a tana da tarihi a nan Nijar. Haské, jaridar da Ibrahim Cheick Diop ya kafa a 1990, sunanta na Hausa ne, cikinta Faransanci. Haka sunayen gidajen rediyo kamar Saraounia da Dounia, da harrufan Faransanci aka rubuta su. Ban ga laifinsu ba. Masu karanta Haské ƴan lakwal ne da suka koyi haɗa baƙi da Faransanci, in ba a ɗora wa e ɗin nan alama ba, sai su haɗiye ta. Abin da ya dame ni shi ne mu da ke rubuta Hausa tun daga shafin farko har na ƙarshe, mu kwaikwayi wannan a bango. Ka ga labari ya fito da Hausa tsantsa, amma a bango an rubuta Tahoua, Tessaoua, Guidan Roumdji. Ashe Tawa, Tasawa da Gidan Rumji sun yi ƙauyanci ne? Rubutun taswira da na takardun hukuma daban, na littafinka daban.

Sai babbar matsala, harrufa masu ƙugiya: ɓ, ɗ, ƙ, ƴ. Ba ado ba ne, sautuka ne masu zaman kansu. Baki daban, baƙi daban. Karya daban, ƙarya daban. Ka ɗauka wani ya so ya sa wa littafinsa suna Kukan Ƙasa, ƙugiya ta faɗi, sai ya zama kukan kasa, macijiyar nan. Kuma ba a rasa ƙa'ida ba. An zauna a Bamako a 1966 kan rubutun harsunan yankinmu, Hausa na ciki, sannan a 1999 ma'aikatar ilimi ta fitar da ƙa'idar rubutun Hausa ta Nijar. A nan ne muka ɗan bambanta da Najeriya: mu ƴa muke rubutawa, su 'ya. Kowanne ka zaɓa, ka tsaya a kansa. Abin takaici shi ne shafi ɗaya ya zo da ƴan, da 'yan, da yan, kamar mutum uku suka yi rigimar allon kwamfuta.

Abin mamaki, a bango ƙugiya ta fi ɓacewa. Dalili kuwa a fili yake: mai tsarawa na son harrufa masu kwalliya, su kuma galibi ba su da ƙ ko ɗ. Sai kwamfuta ta aro baƙin daga wani salon rubutu, ya fito sirit a tsakiyar ƙattai, ko kuma mutum ya haƙura ya sa k kawai. Alhali Charis da Andika kyauta ne, suna ɗauke da dukkansu, salula ma tana da allon Hausa. Uzurin na'ura ya ƙare.

Tsarin shafi shi ma yana son a san halin injin fotokofi. Injin ba ya son toka-toka, baƙi da fari ya sani. Hoton da ya burge ka a kwamfuta, in an buga shi, aka sake bugawa daga kwafin, sai ya koma kamar gindin tukunya. Zanen bik mai kauri ya fi shi rai. Ƙananan harrufa ma haka, ƙugiyarsu ce ke fara narkewa. Kuma takardar A4 in an naɗe ta biyu shafi huɗu take bayarwa, don haka a lissafa da huɗu-huɗu: takarda huɗu shafi 16, na 1 da na 16 suna kwana a fuska ɗaya. Wanda bai bar fili a tsakiya ba, wurin maƙalewa zai cinye masa farkon layuka.

Na san amsar da za a ba ni: kuɗi. Da cinikin dala ashirin-ashirin ake haɗa na bugu, wa ke da halin ƙawa? Gaskiya ne, amma duk abin da na lissafa ba ya cin ko dala. Rubuta gari, shekara da lamba a bango ma kyauta ne, kuma su aka fi mantawa. Littafin da ba shi da shekara, bayan shekara goma ba mai iya kafa hujja da shi, ko a ce wane ya riga wane faɗin abu.

Wasu kuma za su ce to wace Hausa, ta Kano ko tamu? Ni ban ga abin kunya ba in ɗan Tawa ya sa hwari a sunan littafinsa maimakon fari, muddin da gangan ya yi, kuma ya rubuta shi bisa ƙa'ida. Karin harshe zaɓi ne, sakaci kuwa ba zaɓi ba ne.

A 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka zama na aiki. Takardar doka ba za ta koya wa kowa rubutu ba. Ƙannenmu daga abin da suka gani a buge za su koya, kuma a unguwanni da yawa ƴan littattafan nan ne kaɗai Hausar boko da ke shiga hannunsu. Kafin ku kai aiki wurin mai fotokofi, ku miƙa wa wanda bai san da shi ba bangon, ku ce ya karanta da ƙarfi. In ya yi tuntuɓe, ko ya tambaye ku littafin mene ne, ku koma ku sake zama.