Hoton da ke juyawa ba likita ba ne

Mai wayar hannu da wuya a ce bai taɓa cin karo da shi ba: hoton wata ƙwallo da ke mirginawa a jikin ginshiƙi, alhali komai a tsaye yake cak. A ƙasa kuma ga bayani, wai wani farfesan ƙwaƙwalwa ɗan Japan, Yamamoto, ne ya ƙirƙiro shi don auna damuwa. In bai motsa ba, kana cikin kwanciyar hankali. In ya juya da sauri, ka nemi asibiti. Nan da nan sai a tura wa dangi da abokan aiki, har da masu hawan jini.

Don Allah a daina. Wanda ya zana hoton ɗan ƙasar Yukiren ne mai suna Yurii Perepadia, a shekarar 2016 ya yi shi, kuma sai da ya fito a 2018 yana rantsuwa cewa aikinsa ne, babu ruwansa da wani gwajin damuwa. An ƙwace wa mutum guminsa, an laƙaba wa wani, an kuma tsorata jama'a da shi. Laifi uku a hoto ɗaya.

Abin takaicin shi ne gaskiyar lamarin ta fi ƙaryar daɗi nesa ba kusa ba. Salon da Perepadia ya bi na Akiyoshi Kitaoka ne, malamin nazarin halayyar ɗan Adam a Jami'ar Ritsumeikan ta Japan, wanda ya fitar da shahararren hotonsa na macizai masu juyawa a 2003. Sirrin yana cikin jerin launuka: baƙi, shuɗi, fari, rawaya, a maimaita ba tare da an sauya tsari ba. Ƙwayoyin gani a ƙwaƙwalwa sun fi saurin amsa baƙi da fari a kan shuɗi da rawaya, ɗan jinkirin nan kuwa shi ƙwaƙwalwa ke ɗauka motsi ne. Macijin da ka tsura wa ido kuwa yakan tsaya, na gefe su ci gaba da kewayawa. A 2012 Susana Martinez-Conde da abokan aikinta suka nuna cewa ƙiftawa da wasu 'yan zabure-zaburen da ido ke yi ba da sanin mai shi ba su ne ke tayar da juyin. Masu bincike a Italiya ma sun gano kifaye na ruɗuwa da shi. To, bashin wa ke damun kifi?

Kuma ba yau aka fara ƙwace wa masu wannan fasaha guminsu ba. A 1965, lokacin da gidan adana zane na MoMA a New York ya yi babban baje kolin zane-zanen ruɗin ido, Bridget Riley ta Ingila ta tarar an kwafe layukanta baƙi da fari an buga a yadin riguna ba da izininta ba. Ranta ya ɓaci ƙwarai, kuma tana da gaskiya. Mace ta ɓata lokaci tana auna kauri da lanƙwasar kowane layi, wani ya mayar da shi kayan kanti.

Gaskiya ne ba don wannan yaɗawar ba da mutane da yawa ba su taɓa ganin irin hotunan ba. Gaskiya ne kuma ba kowa ke ganin motsin daidai da kowa ba. Bincike ya nuna tsofaffi ba sa ganinsa sosai kamar matasa. Amma wannan batun shekaru ne da girman allo da yadda ido ke yawo, ba ma'aunin damuwa ba.

Shi kansa Kitaoka yana da gargaɗin lafiya a inda yake ajiye hotunansa, kuma gajere ne: wasu daga ciki na iya sa mutum jiri ko tashin zuciya, wanda ya ji haka ya daina kallo nan take.