Wa Zai Ba Jikokinmu Labarin Wannan Yaƙi?

A farkon watan Janairun 2022 'yan bindiga suka shafe kwanaki suna kai hari a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Gwamnatin Zamfara ta ce mutum 58 aka kashe, mazauna yankin suka ce sun kai kusan 200. Ƙasar kaburburan ba ta gama bushewa ba labarin ya rabu biyu. To idan ƙidayar gawa ta gagara a makon da abin ya faru, me ɗalibin tarihi zai tarar nan da shekara hamsin?

In dai aka ci gaba a haka, waƙa zai tarar da guntayen bidiyon waya. Waƙar yabon ɗan bindiga Bello Turji ta zaga WhatsApp da TikTok, har yaran da ba su san inda yankinsa na Shinkafi yake ba sun iya amshinta. 'Yan sa-kai su ma suna da masu yi musu kirari. A Facebook kuwa kullum sai an sami wani sabon masani da zai bayyana asalin rikicin cikin layi goma, kuma laifin duka ya faɗa kan ƙabilar da ba tasa ba.

Ni ban raina waƙa ba. Ƙasar da ta haifi Musa Ɗanƙwairo da Sa'idu Faru da Kassu Zurmi ba za a koya mata darajar makaɗi ba. Amma kowa ya san aikin makaɗi: ubangidansa bai taɓa gudu ba, kakansa ya ci gari kaza, abokin gaba kuwa sai zambo. Manomin da aka harbe a kan kunya da matar da ta kwana a daji da goyo ba su da gurbi a cikin kirari, domin ba su da dokin da za su bayar.

Zamfarawa sun taɓa ganin irin wannan. A shekarun 1760 Gobirawa ƙarƙashin Sarki Babari suka rushe Birnin Zamfara, sarautar ta yi ta ƙaura daga gari zuwa gari kafin ta zauna a Anka. Da jihadi ya tashi a 1804, Zamfarawa da yawa sun mara wa Shehu Usmanu baya, ga kuma tsohuwar gaba da Gobir, har Shehu ya zauna a Sabon Gari da ke ƙasarsu kafin ya koma Gwandu a 1805. Daga baya zumuncin ya lalace, aka yi ta gwabzawa. Waɗanda suka rubuta labarin su ne waɗanda suka yi nasara: Muhammadu Bello a Infaƙul Maisur, Abdullahi ɗan Fodiyo a Tazyinul Waraƙat. Bello, Allah ya jiƙansa, bai ɓoye cewa jama'arsu sun matsa wa garuruwan Zamfara ba a lokacin da ake fama da yunwa. Sai dai wannan gefen bai yi nisa a bakin mutane ba. Abin da ya bazu shi ne Zamfarawa sun juya baya, shi ke nan.

Bayanin Zamfarawa da kansu ya daɗe a bakin fadawa da tsofaffi kafin ya hau takarda. Bajamushe Kurt Krieger ya buga tarihin Zamfara a 1959 da Jamusanci, Garba Nadama ya rubuta kundin digirinsa na uku a Jami'ar Ahmadu Bello a 1977 da Turanci. Mutum nawa ne a Gummi suka karanta ko ɗaya daga ciki?

Ingila ma haka take. Janyewar da sojojinsu suka yi daga Dunkirk a 1940 gudun ceton rai ce, amma jawabai da finafinai suka mayar da ita abin alfahari. Haka aka yi ta yayata cewa mutanen Landan sun jure ruwan bama-baman Jamus kansu a haɗe, har masanin tarihi Angus Calder ya fitar da littafinsa a 1991 yana tuhumar wannan almara. Abin da ya ba masana irinsa ƙarfin musu shi ne tun 1937 akwai wata ƙungiya, Mass Observation, da ke tara abin da talakawa ke rubutawa game da rayuwarsu ta yau da gobe. Da masu bincike suka tashi, sun tarar da shaida a ajiye.

Mu wannan ajiyar ce ba mu da ita, kuma shaidun suna mutuwa, wasu na watsewa zuwa Gusau da Sakkwato da Yawuri. Aikin bai fi ƙarfinmu ba. Sashen tarihi na jami'o'inmu, da masarautun Anka da Gummi da Bukkuyum, su tura ɗalibai da wayar naɗar murya zuwa wurin 'yan gudun hijira. A rubuta sunan kowane mamaci da ƙauyensa da ranar da aka kashe shi. A saurari matan da aka sace aka biya fansa, a ɓoye sunayensu. A saurari Bafulatanin da aka ƙone masa ruga, da Fulatanci in ya fi so, ko da abin da zai faɗa ba zai yi wa wasunmu daɗi ba. Marubuta da 'yan fim su zo daga baya su gina a kai. Kai kuma mai karatu, in akwai dattijo ko gwauruwa a gidanku da abin ya ritsa da su, nemi izininsu ka naɗi maganarsu tun suna raye.