A Mayar wa Gwaggo Aikinta a Bikin Agege

Goro ne ya zaunar da yawancin kakanninmu a Zangon Agege. Tun da layin dogo ya haɗa Legas da Kano a 1912, daga nan ake ɗaure huhu a loda wa jirgi, ya tafi Arewa a raba wajen ɗaurin aure da suna. Unguwar da ta daɗe tana yi wa bikin Hausawa hidima ke nan, shi ya sa nake jin ciwon yadda bikinmu na nan yake sauya kama.

Ɗaurin aure dai yana nan daram. Waliyyi da wakili, sadaki, liman, fatiha, babu wanda ya taɓa su. Ɓangaren mata ake ta datsewa. A da kamu da ranarsa, sa lalle da ranarsa, sannan wankan amarya, kai amarya, sayen baki, buɗar kai, kuma kusan kowanne akwai tsohuwar da ke riƙe da shi. Yanzu an tattara su an cusa cikin 'yan awoyin da aka kama ɗakin taro a Ogba ko Ikeja. Amarya ta shigo da rawa, emsi yana ta zuba Turanci, ƙanwar ango ta fesa mata turare, mai hoto ya ce bai ɗauka ba a sake. An yi kamu ke nan. Babu ɓoyon amarya, babu cinikin da ƙawaye ke yi da dangin ango har a yi ta dariya. Gwaggon da ta yi doguwar tafiya a mota daga Katsina tana can kujerar baya kusa da lasifika, ba ta ji ba a jin ta, an miƙa mata shinkafa a roba.

Na san uzurin, kuma ba ƙarya ba ne. Gidajen Agege ɗaki-ɗaki ne, babu tsakar gidan da za ta ɗauki mata hamsin. Ma'aikaci Asabar kaɗai gare shi, ga cunkoso. Aro daga maƙwabta ma ba ya damuna. Anko da ɗaurin gwaggwaro sun daɗe da zama namu, kuma suna yi wa 'yan matanmu kyau.

To amma a dubi su maƙwabtan. Bayarabe ma ɗakin taro yake kamawa, sai dai da al'adarsa yake shiga. Ango ko likita ne daga Ingila, sai ya kwanta rub da ciki shi da abokansa a gaban iyayen amarya, kuma alaga, matar da ke jan ragamar taron, ba ta sassauta masa. Can Amurka ma akwai 'yan ƙabilar Hmong da suka yi gudun hijira daga Laos bayan 1975, suka taru a Minnesota da Kalifoniya. Har yau da yawansu sai dattawan da ke shiga tsakani sun zauna sun daidaita gidaje biyu, ango ya durƙusa wa manyan dangin amarya ɗaya bayan ɗaya. Su ma baƙi ne. Mu kuwa a bakin ƙofa muke ajiye al'adarmu.

Abin da ake asara ya wuce ado. Ranar kai amarya, gwaggo ce take riƙe hannun yarinya ta damƙa wa uwar miji, ta ce, "Ga amana nan, Hajiya. In ta yi ba daidai ba ki tsawata, 'yarki ce." Uwar miji ta amsa a gaban shaidu. Nan ne dangi biyu suke sanin fuskar juna, kuma ranar da aka sami saɓani, amarya ta san ɗakin da za ta nufa kafin magana ta kai ga alƙali. A Kano ko an tsallake wannan, gwaggo tana bayan layi. A Legas fa? Yarinyar da aka haifa a unguwar Morikas, wadda Yarabancinta ya fi Hausarta kauri, wataƙila a bikin nan kaɗai za ta ga 'yan'uwan ubanta sun taru, ta ji yadda ake nasiha da habaici da wasan kakanni.

Ban ce a soke dina ba. Mai hali ya yi. Roƙona ga iyaye mata, musamman ku da kuke riƙe da kuɗin biki, shi ne ku ware yammacin Alhamis ko Juma'a a yi kamu da lalle a gida, ko da rumfa za a kafa a ƙofar gida kamar yadda ake yi ranar suna. Kai amarya kuma kada a bar wa ƙawaye da direba da tsakar dare bayan an tashi daga taro. A kai ta da sauran haske, tsofaffi a gaba, a zauna a kan tabarma a yi buɗar kai yadda ya kamata. Kuɗin da wannan zai ci bai kai na kwalliyar ɗakin taro ba.